Maigidana ya ce na cika bin ƙwaƙƙwafi: akwai sana'ar da ta dace da irina?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina da difloma a fannin injuna, kuma shekara uku ke nan ina aiki a wani wurin gyaran janaretoci da injunan jan ruwa. Damuwata ita ce kullum maigidana yana cewa ina da nawa. Aikin da abokan aikina suke gamawa cikin awa guda, ni sai ya kai ni biyu, domin ba na iya rufe inji sai na bi kowane noti, na sake gwada wayoyi, na rubuta abin da na gani a ɗan littafina. Aikina ba ya dawowa, amma babu mai lura da hakan. Kwanan baya na nuna wani ƙarfe da ya fara tsagewa na ce a sauya shi, aka ce na cika bin ƙwaƙƙwafi, aka mayar da shi a haka. Wani abokina ya ce akwai masu sana'ar gwada kayan aiki da duba lafiyarsu, wai can na dace. Shin sana'a ce ta gaske da mutum zai riƙe iyali da ita? Ta ina ake shiga, kuma sai da digiri? Ko kuwa ni ne mai matsala? Na yi wannan tambayar ne don ko a gida, wani lokaci nakan tashi daga kwance in sake duba ƙofar da na san na kulle.

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Sana'a ce sosai, tana da matakai da jarrabawa da takardun shaida da ake karɓa a ƙasashe da dama, kuma yawancin rassanta ba sa neman digiri. Sai dai ba na so ka shige ta da tunanin cewa wuri ne da za a bar ka ka yi ta dubawa iya son ranka ana yaba maka. Idonka mai ganin ƙananan abubuwa shi zai sa a ɗauke ka. Abin da zai zaunar da kai a aikin abu biyu ne: ka iya tsayawa a kan abin da ka auna ko da babba ya ɓata rai, kuma ka iya ajiye na'ura idan ƙa'ida ta ce an gama. Wasiƙarka ta nuna kana da alamar na farko. Na biyun ne nake ɗan jiye maka, kuma za mu zo kansa.

Bari in fara da maigidanka, don kada ka riƙe shi a zuciya fiye da kima. A wurin gyara, yawan injunan da aka sallama shi ne kuɗin shiga. Mutumin da yake biyan haya da albashi dole ya riƙa kallon agogo. Kai kuma kana yin aiki biyu ne a lokaci guda, gyara da bincike, ana biyanka na ɗaya kawai. A manyan masana'antu an raba waɗannan ayyuka da gangan: wanda ya yi walda ba shi ne zai ce waldar ta yi ba, wani daban ake kira, wanda ba a auna ƙwazonsa da saurin gamawa. Kan batun nawa, yana da hujjarsa. Kan ƙarfen da ya tsage kuwa, bai kyauta ba. Tsaga a ƙarfen da yake ɗaukar nauyi ko yake jijjiga ba ta tsayawa inda take, ci gaba take yi a hankali har ranar da abin da ya rage ya kasa riƙewa. Idan injin bai bar wurin ba, ka sake gaya masa cikin ladabi, ku biyu, ba a gaban yara ba. Ka ɗauki hoto, ka rubuta kwanan wata a littafinka.

Wannan sana'a da jini aka kafa ta. A shekarar 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton na Amurka, mutum 58 suka mutu. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, ASME, ta fito da kundin ƙa'idojin ƙera tukwanen tururi bayan kimanin shekara goma, kundin da har yau ake sabunta shi ana aiki da shi a duniya. A watan Disamba na 1967 gadar Silver da ke kan kogin Ohio a Amurka ta rufta da motoci a kanta, mutum 46 suka rasu. Da aka bincika, sai aka gano tushen abin wani ɗan aibi ne a ƙarfe guda, zurfinsa bai wuce milimita 2.5 ba, a wurin da ido ba ya kaiwa. Bayan nan ne Amurka ta wajabta duba gadoji lokaci-lokaci. Don haka idan aka ce maka kana ɓata lokaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ka san cewa akwai masana'antu da suke biyan mutane albashi don neman wannan ɗan ƙaramin abin.

Reshen da nake ganin ya fi kusa da kai shi ne gwada ƙarfe ba tare da an lalata shi ba. A tallan neman ma'aikata za ka ga an taƙaita shi da haruffa uku, NDT. Manufarsa a san abin da ke jikin bututu ko tanki ko waldar gada ba tare da an yanka ba, a kuma mayar da shi bakin aiki idan lafiyarsa ƙalau. Mafi sauƙin hanyoyinsa bayan duban ido shi ne gwajin rini. Za ka wanke wurin tas, ka fesa jan ruwa mai ratsa ƙananan kafofi, ka jira 'yan mintuna, ka goge saman a hankali, sannan ka fesa farar hoda. Idan akwai tsaga, rinin da ya shige ciki zai tsattsafo ya zana jan layi a kan farin. A gyaran jiragen sama an fi amfani da rini mai ƙyalli da ake duba shi a ɗaki mai duhu da fitila ta musamman. Aikin kamar wasa, amma kowane mataki yana da wurin kuskure. In ba ka wanke maiƙo ba, rini ba zai shiga ba. In ka cika gogewa, ka kwashe wanda ya shiga. In ka yi gaggawar fesa hoda, tsagar tana nan amma ba za ta nuna ba. Ga inda nawarka take zama jari.

Sai gwajin maganaɗisu, inda ake sa wa ƙarfe maganaɗisu a barbaɗa garin ƙarfe, garin ya taru a bakin tsaga. Wannan ba ya aiki a kan alminiyam ko duk ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Akwai gwajin sauti, wanda tushensa ɗaya da sikanin da ake yi wa mai juna biyu a asibiti: na'ura tana tura sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfe, sautin ya bugi bayan ƙarfen ko wani aibi a ciki ya dawo, kai kuma ka karanta a allo. Da shi ake sanin kaurin bututun da tsatsa take ci ta ciki alhali waje yana sheƙi da fenti. Yana da wuyar koyo, yana buƙatar ɗan lissafin kusurwa, kuma wanda ya ƙware a kansa ba ya rasa masu nema. Akwai ɗaukar hoton cikin walda da eksire ko da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, akwai kuma gwajin da ake yi da igiyar lantarki mai zagayawa a fatar ƙarfe, wanda ake yawan amfani da shi a jikin jiragen sama. Masu waɗannan ayyuka suna matatun mai, tashoshin wutar lantarki, layin dogo, wuraren ƙera jiragen ruwa, kamfanonin siminti da na taki, da duk inda ake shimfiɗa bututu ko kafa ginin ƙarfe.

Reshe na biyu bai cika suna ba, amma ina so ka dube shi da kyau saboda ɗan littafin nan naka. Shi ne daidaita ma'aunai. Duk gejin matsin iska, duk sikeli, duk ma'aunin zafi, duk sifana mai auna ƙarfin ɗauri, yana kaucewa da tsufa. Wani ne yake zama a ɗakin gwaji ya kwatanta shi da ma'aunin da ya fi shi inganci, shi ma wancan an kwatanta shi da wanda ya fi shi, har a dangana da hukumar awo ta ƙasa, ita kuma tana daidaita kanta da sauran ƙasashe ta hannun ofishin awo na duniya da ke Sèvres kusa da Paris, wanda yarjejeniyar 1875 ta kafa. A wannan aiki tsawon ƙarfe ana ayyana shi ne a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, domin ɗumin tafin hannunka kaɗai ya isa ya miƙar da ƙaramin ƙarfen awo har na'ura ta gani. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan sanin kima ba ya wadatarwa, lamba ake so, kuma sai ka rubuta iyakar kuskuren da zai iya kasancewa a cikin lambar taka.

In kana son ganin nauyin wannan reshe, dubi na'urar hangen sararin samaniya ta Hubble. An harba ta a 1990, sai aka tarar hotunanta dishi-dishi. An goge madubinta da ƙwarewar da ba a taɓa gani ba, amma a bisa siffar da ba daidai ba, saboda na'urar da aka riƙa auna madubin da ita an harhaɗa ta da kuskuren milimita 1.3. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne wasu na'urori biyu sun nuna akwai matsala tun madubin yana ƙasa, aka yi watsi da sakamakonsu don an fi yarda da waccan. Sai a Disamba 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara.

Sauran rassan zan ambace su a gurguje. Akwai masu duba injunan ɗaga kaya, sarƙoƙi, igiyoyin ƙarfe da lif. Akwai masu gwada taransifoma da wayoyin gini, suna auna ko rufin waya yana zubar da wuta, suna neman wurin da ya ɗau zafi da kyamarar zafi. Tunda hannunka ya saba da janareta, wannan ba zai yi maka nisa ba. Akwai masu gwada na'urorin asibiti, don a tabbatar injin ƙarin ruwa yana ɗigar da abin da ya rubuta kuma babu na'urar da za ta ja majiyyaci da wuta. Akwai masu tantance kaya a masana'anta kafin su fita kasuwa.

Yanzu batun takarda. A gwajin NDT tsarin ba da takardar shaida na ƙasa da ƙasa da ya fi yaɗuwa shi ne ISO 9712, kuma matakai uku gare shi. Mai mataki na ɗaya yana yin gwaji bisa rubutaccen umarni, a ƙarƙashin kulawar wani, ya rubuta abin da ya gani, amma ba shi da ikon yanke hukunci. Mai mataki na biyu shi yake fassara sakamako ya ce wannan ya wuce, wannan a sake, ya sa hannu. Mai mataki na uku shi yake rubuta tsarin aiki ya ɗauki alhakin dukan sashen. Kowace hanya da takardarta daban, wato shaidar gwajin rini ba ta ba ka izinin yin gwajin sauti. Kafin a ba ka, sai ka haɗa horo a aji, da watannin aiki a fili da wani mai shaida zai tabbatar, da jarrabawa ta rubutu da ta hannu, inda ake neman kashi 70 cikin ɗari a kowane ɓangare. Takardar tana aiki shekara biyar ne a sabunta. Akwai kuma tsarin Amurka mai suna SNT-TC-1A, wanda kamfanin da kake wa aiki ne yake ba ka shaidar. Ka riƙe wannan bambanci da kyau: ranar da ka bar kamfanin, shaidar ta ƙare, sai sabon wuri ya sake tantance ka. Ta ISO kuwa taka ce, kana tafiya da ita.

Masu duba walda suna neman takardar shaidar CSWIP ta Ingila ko CWI ta Amurka. Masu duba tankuna da bututun matatun mai suna neman takardun shaidar cibiyar man fetur ta Amurka, wato API 510, 570 da 653. Waɗannan duka sai da shekarun aiki, don haka ka san da su amma ba yanzu ba. Digiri yana rage yawan shekarun da ake nema a wasunsu, kuma yana taimakawa idan ka hango kujerar shugabanci, amma diflomarka da shekara ukun da ka yi kana kwance injuna sun ishe ka farawa. Ina ma ganin ka fi wanda ya fito daga aji kai tsaye, domin ka riga ka san inda inji yake fara gajiya.

To, ga ɓangaren da masu tallan kwas ba sa faɗa. Yawancin ranakun aikin ba za ka ga komai ba. Walda ɗari, duka lafiya. Ɗari biyu, duka lafiya. Hankalin ɗan Adam kuma ba a yi shi don irin wannan jira ba. Tun 1948 wani mai bincike a Ingila, Norman Mackworth, ya nuna cewa mutumin da aka sa ya zura wa abu ido yana jiran alamar da ba ta cika zuwa ba, kaifin lurarsa yana raguwa tun bayan rabin awar farko. A ranar 19 ga Yuli 1989 wani faifan ƙarfe a injin jirgin United Airlines mai lamba 232 ya tarwatse a sama, ya tsinke bututun man da ake sarrafa jirgin da su. Matuƙan sun yi ta fama har suka kai shi filin jirgin garin Sioux City na Amurka, inda ya faɗi, mutum 112 cikin 296 suka mutu. Masu bincike sun samu ragowar rinin gwaji a cikin tsagar faifan. Ma'ana, a dubawar ƙarshe da aka yi masa tsagar tana nan, ta haura santimita ɗaya, rini ya shige ta, amma ba a gan ta ba. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba. Ina so ka gane cewa lura ba hali ne kawai da ake haihuwar mutum da shi ba. Tana buƙatar barci, da hutu a tsakanin aiki, da haske mai kyau, da bin matakai a jere ko da ka yi su sau dubu. Mai jin cewa shi ba ya kuskure saboda yana da ido, shi ne ya fi kusa da yin sa.

Jiki ma yana biyan nasa. Za ka hau tsani mai tsawo, ka shiga cikin tanki ta ƙaramar ƙofa, ka yi aiki a rana ko a tsakar dare. Idan masana'anta ta tsaya don gyaran shekara, awa goma sha biyu a rana ba abin mamaki ba ne, kuma kana iya yin makonni ba ka ga iyali ba. Ɗaukar hoton walda yawanci da dare ake yinsa, don sai an kori kowa daga wurin. Sinadarin da aka fi amfani da shi, iridiyam 192, ɗan mitsitsi ne, ba ya wari, ba ka jin komai lokacin da yake cutar da kai. A 1999 a Yanango ta ƙasar Peru wani mai walda ya tsinci irinsa da ya faɗo daga na'ura, ya sa a aljihun wando na wasu awanni, daga baya aka yanke masa ƙafa. Wanda ya bi ƙa'ida, ya rataya ma'aunin da ke ƙirga tururin nukiliyar da jikinsa ya sha, ya auna wurin bayan kowane hoto, yana yin aikin shekaru lafiya. Amma duk kamfanin da ya ce ka fara kafin a ba ka horon kariya da ma'auninka, ka bar masa aikinsa. In zaman wuri ɗaya da komawa gida kullum ya fi maka, ɗakin daidaita ma'aunai ya fi dacewa da kai.

Mafi nauyi duka shi ne sa hannu. Abin da ya faru da kai a kan ƙarfen nan zai sake faruwa, sai dai a lokacin da sunanka a ƙasan takarda. Ɗan kwangila yana jiran a biya shi, manaja yana lissafin asarar kowace awa da injin yake tsaye, mai walda da kuke zama tare yana kallonka don aikinsa ne ka ce a sake. Ba lallai a fito a ce ka yi ƙarya ba. Cewa za a yi, ka ɗan sake dubawa mana, ko kuwa ai haka muke yi shekara da shekaru, ko a miƙo maka rahoton wurin da ba ka je ba a ce ka cike kawai. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A 2017 kamfanin Kobe Steel na Japan ya amsa cewa ma'aikatansa sun daɗe suna sauya alƙaluman gwajin ƙarfin alminiyam da tagulla da ake sayar wa masu ƙera motoci da jirage, shugabansa ya sauka a shekarar da ta biyo. Kariyarka a irin wannan hali ba faɗa ba ne. Ka rubuta abin da ka auna, a ina, da wace na'ura, bisa wace ƙa'ida. Idan wani babba yana ganin a wuce da shi a haka, akwai hanyar yin hakan a rubuce, injiniya ya sa nasa hannun ya ɗauki alhaki. Kai dai kada ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba, ko sau ɗaya, domin wanda ya same ka sau ɗaya ya san hanyar dawowa. Ka kuma koyi faɗar a'a ba tare da wulaƙanci ba. Sufeton da yake jin daɗin kama mutane da laifi, ɓoye masa abubuwa ake yi. Wanda yake nuna wa mai walda inda matsalar take da abin da ya jawo ta, shi ake kira tun kafin aiki ya lalace.

Yanzu mu koma kan ƙofar da kake tashi dubawa, domin na ji daɗin da ba ka ɓoye ta ba. Babu waldar da ba ta da aibi ko kaɗan. Kowane kundin ƙa'ida yana da iyakar abin da ya yarda da shi: rami mai girma kaza ya wuce, wanda ya haura a gyara. Sufeton da yake ƙin komai bai fi mai wuce komai amfani ba, domin fasa walda mai kyau a sake ta yana cin kuɗi da lokaci, kuma maimaita zafi a wuri ɗaya yana iya raunana ƙarfen. Aikin yana son mutumin da zai duba sau ɗaya da cikakken hankali, ya kwatanta da ƙa'ida, ya yanke hukunci, ya wuce gaba. To ka tambayi kanka tsakani da Allah: idan na koma kan notin da na riga na ɗaure, wani sabon bayani nake nema, ko kuwa zuciyata nake so ta kwanta? Na farko kulawa ce. Na biyu waswasi ne, kuma shi ba ya ƙoshi, ko ka duba sau goma zai ce ka ƙara.

Ga gwajin da za ka yi wa kanka daga gobe. Ka rubuta jerin abubuwan da za ka duba a kowane inji kafin ka rufe shi. Duk notin da ka ɗaure ka tabbatar, ka ja masa layi da alƙalamin fenti, kamar yadda ake yi a manyan wuraren gyara. Wanda yake da layi an gama da shi, ba komawa. Idan ka iya riƙe wannan na wata guda, za ka ga saurinka ya ƙaru ba tare da ingancin aikinka ya ragu ba, kuma ka samu amsar tambayarka: ba ka da matsala, tsari ne ba ka da shi. Idan kuwa ka ga layin da idonka amma ƙirjinka ya ƙi sakin ka, ko dube-duben nan sun kai suna cinye maka awa guda a rana, suna hana ka barci ko suna makarar da kai, to ka ga likitan da ya san lafiyar ƙwaƙwalwa. Lalura ce sananniya, tana da magani, kuma ba ta hana mutum wannan sana'a idan an kula da ita. Abin da ba na so shi ne ka ɗauki nauyin sa hannu a kan rayukan mutane alhali kana fama da ita kai kaɗai a ɓoye. Sake duba ƙofa jefi-jefi kuwa, kusan kowa yana yi.

Kada ka bar aikinka yanzu. Abu na farko, tun kafin ka biya kuɗin kowane kwas, ka je a gwada idonka. Ana buƙatar ka iya karanta ƙananan haruffa daga nisan da bai gaza santimita 30 ba, ko da tabarau ne, kuma ka iya bambance launukan da ake aiki da su. Akwai maza da yawa da ba sa rarrabe ja da kore sosai kuma ba su sani ba, gara ka sani da wuri don ka zaɓi reshen da ya dace. Bayan nan ka nemi kamfanonin da suke wannan aiki ka nemi gurbin mataimaki, ko da ɗaukar kaya da wanke ƙarfe ne, domin watannin aikin da ake ƙirgawa a nan ake samunsu, kuma wasu kamfanonin su suke biya wa yaransu kuɗin horo. Duk ranar da ka yi aiki ka rubuta hanya da awanni, mai kula da kai ya sa hannu. Ranar ganawa ka tafi da ɗan littafin nan naka. Mai ɗaukar sufeto ya san darajar yaron da yake rubuta abin da ya gani ba tare da an sa shi ba.

In da kanka za ka biya, ka fara da duban ido da gwajin rini da na maganaɗisu, su ne masu gajeren horo, sannan ka nufi gwajin sauti. Ka tambayi cibiyar horon wace hukuma ce take ba da takardar, ka shiga intanet ka tabbatar sunan cibiyar yana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su. Takardar halartar kwas daban, takardar shaidar ƙwarewa daban, kuma da yawa sun biya kuɗin ta biyu aka ba su ta farko. Duk wanda ya yi maka alkawarin mataki na biyu a hanyoyi biyar cikin mako guda ba tare da ka taɓa aiki a fili ba, takarda kawai yake sayarwa. Ka kuma ƙarfafa karatun zanen injiniya da rubuta rahoto a taƙaice, domin yawancin kundayen ƙa'idar da Turanci suke, kuma rahotonka shi ne abin da mai aiki yake biya.

Batun riƙe iyali, shekarun farko na mataimaki ba su da maiƙo, wataƙila ma abin da za ka samu bai kai na yanzu ba. Samu yana ƙaruwa ne idan ka kai mataki na biyu a hanyoyi biyu ko uku, musamman gwajin sauti, kuma aikin fili a harkar mai da iskar gas ya fi na ɗakin gwaji kuɗi, sai dai yana zuwa ne kwangila bayan kwangila, wata rana a samu wata rana a jira. Don haka kada ka ci bashi mai nauyi saboda kwas, kuma idan akwai masu dogara da kai, ka zauna da su ka yi musu bayanin shekara biyu ko ukun farko kafin ka ajiye aikin da ke hannunka. Allah ya yi maka jagora.